Sabon Shugaban Sashe: Su Wa Ya Kamata Su Gyara Zama?

Duk lokacin da aka sauya shugaban sashe a jami'a, nasihohin da ake yi gefe guda suke fuskanta. Kowa sai ya zama mai wa'azi ga sabon shugaba: ya yi haƙuri, ya yi adalci, ya saurari manya, kada kujera ta ruɗe shi. Duk wannan daidai ne. Sai dai da wuya a ji an juyo ga sauran malaman sashen an tambaye su abin da ya rataya a wuyansu. A ganina, kaso mafi tsoka na nasarar sabon shugaba ko faɗuwarsa yana hannun waɗanda zai jagoranta. Mafi yawan rikicin da ke biyo bayan sauyin shugabanci mu malamai ne muke ƙulla shi, tun kafin mutumin ya gama rarrabe makullan ofishinsa.

Wanda bai san jami'a ba zai iya ɗaukar wannan magana a matsayin tsegumin ma'aikata. Bari mu fara da duba abin da ke hannun shugaban sashe, domin a nan ne za a ga dalilin da ya sa batun ya wuce tsegumi.

Abin da ke hannun shugaban sashe

Shugaban jami'a yana da suna, shugaban tsangaya yana da hatimi, amma rayuwar ɗalibi ta yau da kullum a teburin shugaban sashe ake tsara ta. Shi ke jagorantar rabon darussa a farkon shekara. Shi ke haɗa jadawali, ya nemi zauren da za a zauna, ya nemo malaman wucin gadi idan na dindindin ba su wadatar ba. Ta hannunsa lissafin awoyin ƙari ke bi kafin a biya malami haƙƙinsa. Shi ke sa ido kan rabon ɗalibai ga masu duba kundinsu, da haɗa kwamitin da ɗalibi zai kare kundinsa a gabansa, da kiran zaman tantance sakamakon jarrabawa.

Tsarin lisans da masta da dakta da jami'o'inmu ke bi ya ƙara wa wannan aiki nauyi. Lisans shekara uku ce, zango shida, kowane zango kiredi 30, jimla 180. Masta shekara biyu, kiredi 120. Komai a ɗaure yake da ɗan'uwansa. Idan malami ɗaya ya jinkirta miƙa sakamakon darasi guda, ba za a yi zaman tantancewa ba. Idan ba a yi zaman ba, ajin gaba ɗaya ba zai san wanda ya haye da wanda zai sake jarrabawa ba, zango na gaba kuma ya makara. Duk wanda ya koyar a jami'o'in Nijar ya san ciwon shekarar karatu da ke hawa kan ƴar'uwarta. Yajin aiki da ƙarancin kuɗi suna da babban kaso a cikin wannan ciwo, amma akwai kason da ke fitowa daga cikin sashe, inda malami ke riƙe takardun jarrabawa don ya nuna wa sabon shugaba cewa ba ya ƙarƙashinsa.

Malamai su ma ba su tsira ba. Ƙarin girma a jami'o'in ƙasashenmu masu amfani da Faransanci yana bi ta hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, mazauninta kuma yana Wagadugu. Malami ba ya hawa daga mataki zuwa mataki da maƙalunsa kaɗai. Sai ya nuna shaidar darussan da ya koyar da ɗaliban da ya duba, kuma waɗannan takardu daga sashe suke farawa. Sashen da babu jituwa a cikinsa, takardunsa ba sa fita a kan kari, wanda kuwa ya rasa zagayen bana sai ya jira na baɗi.

Ga sassan nazarin harsuna akwai wani ƙarin dalili. Tun daga watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Duk yadda mutum yake kallon wannan mataki, aikin da zai biyo bayansa a kan sassan harsuna zai faɗo: horar da malaman makaranta, ƙirƙirar kalmomin fannoni, fassarar dokoki, rubuta littattafan karatu, ba tare da an yi watsi da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci da sauran harsunan ƙasar ba. Sashen da ya ƙarar da shekara guda yana gardamar wanda ya cancanci kujera, wasu ne za su yi masa wannan aiki, kuma ba lallai ne su yi shi da kyau ba.

Hanyoyi uku na ɓata sabon shugaba

Hanya ta farko ita ce fadanci. Ranar da aka sanar da sabon shugaba, harshen wasu ke sauyawa. Mutumin da jiya ake kira da sunansa ko a ce masa Malam wane, yau ya koma "ranka ya daɗe" a kowace gaɓar magana. Mu da muke nazarin harshe mun san cewa kalmomin girmamawa ba ado ba ne kawai, suna sake zana tazarar da ke tsakanin mutane. Girmama mai riƙe da muƙami ɗabi'a ce tagari. Abin da ke zama illa shi ne abin da ke biyo bayan gaisuwar: kai rahoton wanda bai ji daɗin zaɓen ba, da wanda aka gani yana hira da tsohon shugaba, da abin da aka faɗa a wurin shan shayi. Bafade yana hana shugaba jin gaskiya a daidai lokacin da ya fi bukatarta, wato watanninsa na farko, sa'ad da bai riga ya san inda ɗakin ke yoyo ba.

Hanya ta biyu ita ce janye jiki. Wannan ta fi yawa a tsakanin manyan malamai, kuma ta fi wuyar kamawa domin babu laifin da za a nuna da yatsa. Malami ya daina zuwa taron sashe, ko ya zo ya zauna shiru yana duba waya. A nemi ra'ayinsa ya ce duk abin da aka yanke daidai ne. A ba shi aikin kwamiti ya karɓa, ya ajiye. Mai wannan hali yakan ɗauki kansa a matsayin mai kamun kai, wanda ba ya shiga rigima. Gaskiyar ita ce yana hana sashe ilimin da sashen ya ɗauki shekaru yana zuba masa. Shi ya san dalilin da ya sa aka raba wani darasi gida biyu shekara goma da suka wuce. Idan ya yi shiru aka sake haɗe darasin, aka koma cikin matsalar da aka taɓa fita, ba sabon shugaba kaɗai ke da alhaki ba.

Hanya ta uku ita ce adawar bayan fage. A taro kowa ya amince, bayan taro a buɗe wani zaure a WhatsApp wanda babu shugaba a ciki, a sake yanke wata shawara. Mafi muni shi ne a jawo ɗalibai cikin lamarin. Malami ya tsaya a gaban aji yana habaici kan "sabon tsari", ko ya ce wa ɗalibin da yake dubawa kada ya kai takardarsa ofishi sai ya ba shi izini. Ɗalibin da ya baro Tasawa ko Gaya ko Magariya, iyayensa na jiran ranar da zai gama, ba shi da hannu a zaɓen shugaban sashe. Sa shi ya zaɓi gefe zalunci ne, ko da wanda ya sa shi yana da gaskiya a asalin rigimar.

Abin da ya fi dacewa

Kalmar jagora tana da abin koyarwa a nan. Asalinta mai jan gora ne, wanda ke riƙe da kan sanda yana gaba, makaho na riƙe da ɗaya kan yana biye. Wannan hoto bai dace da sashen jami'a ba ko kaɗan, kuma kuskuren da ɓangarorin biyu ke yi ke nan. Shugaban da ya ɗauka makafi yake ja zai yi mulki da takardar umarni. Malaman da suka ɗauki kansu makafi za su sakar masa komai, in aka faɗa rami su ce shi ya ja. A sashe kowa na da ido, kowa gwani ne a fanninsa. Shugaba ɗaya ne daga cikinmu da aka ɗora wa ɗawainiyar takardu da jadawali na ɗan lokaci, in wa'adinsa ya cika ya dawo aji kamar kowa.

Idan aka karɓi wannan fahimta, abin da ya kamata malami ya yi ba shi da wuyar ganewa. Da farko ya je da ƙafarsa ya sami sabon shugaba a makonnin farko, ya ba shi bayanin aikinsa a rubuce: darussan da yake koyarwa, ɗaliban da yake dubawa da matakin da kowannensu ya kai, alkawuran da tsohon shugaba ya yi masa da baki, da tafiye-tafiyen bincike da ke gabansa. Shafi ɗaya ya isa. Rabin saɓanin da ake samu a shekarar farko daga alkawarin baka yake tasowa, wanda sabon shugaba bai taɓa ji ba, mai shi kuma ya ɗauka da gangan aka take masa haƙƙi.

Na biyu, ya ajiye saɓaninsa don taron sashe, ya faɗe shi a fili, ya nemi a rubuta shi a bayanin taro. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Rubutaccen bayanin taro shi ne garkuwar malami da ta shugaba baki ɗaya, domin bayan wata shida babu wanda zai ce ba haka aka yi ba. Idan rinjaye ya tafi inda bai so ba, ya aiwatar da abin da aka yanke, ya dawo da hujjarsa a taro na gaba.

Na uku, ya rarrabe tsakanin abin da ya saba da shi da abin da yake haƙƙinsa. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Malamin da ya shekara goma sha biyu yana koyar da ilimin tsarin sauti a ranar Talata da safe, a zaure guda, ba shi ya mallaki darasin ba, balle ranar. Idan sabon shugaba ya ce a bar wa ƙaramin malami darasin don shi ma ya sami abin da zai nuna a takardunsa na ƙarin girma, wannan ba cin fuska ba ne. Haƙƙi shi ne a sanar da shi da wuri, a faɗa masa dalili, kada a rage masa awoyin da doka ta tanada. A kan waɗannan ya tsaya, sauran ya saki.

Ga misali daga fanninmu. A ce sabon shugaba ya kawo shawarar a daidaita ƙa'idar rubutun Hausa a duk kundayen sashe. Tun taron Bamako na 1966 ake ƙoƙarin daidaita rubutun harsunan yankinmu, amma har yau Nijar na rubuta ƴaƴa da harafi mai lanƙwasa, Nijeriya kuma na rubuta 'ya'ya da waƙafi a sama. Malamin da ya yi karatu a Kano ko Zariya ko Sakkwato yana da hannunsa, wanda ya yi a Yamai ko Faransa yana da nasa. Ɗalibi kuwa yakan sha gyara iri biyu a kundi ɗaya, mai dubawa ya gyara, ɗan kwamiti ya warware gyaran. Shawara irin wannan ta cancanci a yi mata muhawara ta ilimi, a fitar da ƴar takarda ta shafi biyu da kowa zai bi. Abin takaici, a sashen da aka ja daga, ba za a duba shawarar ba, wanda ya kawo ta za a duba.

Hujjojin masu turjiya

Ba duk mai turjiya ne ke yi don son zuciya ba, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa.

Wasu na cewa: yaya za a yi farfesa ya karɓi umarni daga wanda ke ƙasa da shi a mataki, wataƙila ma ɗalibinsa ne a da? Wannan tambaya tana da nauyi a al'adar da ke girmama shekaru da malanta. Amsarta ita ce an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Matakin ilimi na mutum ne, yana tafiya da shi duk inda ya je, babu zaɓen da zai karɓe masa. Shugabancin sashe kuwa aikin hidima ne mai wa'adi. Farfesan da ya miƙa sakamakonsa a ranar da ƙaramin malami ya sa bai ragu da komai ba, sai ma ya nuna wa na baya cewa ƙa'ida ta fi mutum. Malamin da ɗalibinsa ya kai ga riƙe sashe ya kamata ya ga ribar nomansa ne. Wannan amsa ita ce kuma amsar masu ƙyashin a ce mace ce ke shugabantarsu, ko da ba su furta ba. Jadawali bai san namiji ko mace ba, abin da ya sani kawai a fitar da shi a kan lokaci.

Wasu kuma na cewa: ba mu muka zaɓe shi ba, ɗora mana shi aka yi. Batun zaɓe da naɗi tsohon ciwo ne a jami'o'in Nijar. A 2018 da 2019 ƙungiyar malaman jami'a ta SNECS ta yi ta yajin aiki kan ko malamai ne za su ci gaba da zaɓen shugabannin jami'o'i ko gwamnati ce za ta naɗa su, daga ƙarshe doka ta koma ga naɗi. Ni ina cikin masu ganin cewa a matakin sashe zaɓen abokan aiki ya fi alheri, domin wanda mutane suka zaɓa sun fi jin nauyin taimaka masa. Amma gardamar yadda ake samar da shugaba tana da wuraren da ake yinta: ƙungiya, majalisar jami'a, ma'aikatar ilimi mai zurfi. Ajin ƴan shekarar farko ba ya cikin waɗannan wurare. Mutum na iya yaƙar tsarin naɗi da dukkan ƙarfinsa, ya kuma gyara takardun jarrabawarsa cikin wa'adi.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta uku: idan shugaban azzalumi ne fa? Akwai irinsu. Akwai wanda ke raba darussa masu awoyin ƙari ga abokansa, da wanda ke danne takardar abokin hamayya a aljihun tebur, da wanda ke amfani da kwamitin kare kundi don rama gayya. Ba na kiran kowa ya yi haƙuri da zalunci. Abin da nake cewa shi ne, hanyar da na bayyana ita ce ma ta fi kama azzalumi. Malamin da ke halartar taro, yake neman a rubuta komai, yake ajiye kwafin duk takardar da ya miƙa da kwanan wata, shi ne zai iya zuwa gaban shugaban tsangaya da hujja a hannu. Wanda ya ƙaurace ko ya koma gunaguni ba shi da abin nunawa sai ɓacin rai. Sannan adalci ya ƙunshi a jira mutum ya yi laifin kafin a yanke masa hukunci. Zango ɗaya cikakke, daga rabon darussa zuwa fitar sakamako, shi ne mafi ƙarancin lokacin da za a iya auna shugaba da shi.

Tsohon shugaba da sabo

Akwai mutum ɗaya da halinsa ke rinjayar na kowa, shi ne shugaban da ya sauka. Sarki goma, zamani goma. Babban aikinsa na ƙarshe shi ne miƙa mulki a rubuce: jerin ɗaliban masta da masu duba su, basussukan malaman wucin gadi, yarjejeniyoyin da aka ƙulla da wasu jami'o'i, kayan aikin da ke ofishi, da matsalolin da bai kai ga warwarewa ba. Bayan haka ya koma ajinsa, ya rufe ƙofarsa ga masu kawo ƙorafi. Duk wanda ya zo masa da kuka ya nuna masa ofishin da ya dace. Idan tsohon shugaba ya bar ofishinsa ya zama fada ta biyu, sashe ya rabu ke nan, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shi kuma sabon shugaba, tun da kowa na yi masa nasiha, abu biyu kawai zan ƙara. Kada ya taɓa ɗalibin da ya riga ya yi nisa da mai duba shi. Duk sauyin da zai kawo a rabon kundaye ya fara da sababbin shiga, domin sauya wa ɗalibi mai dubawa a tsakiyar aiki na iya cinye masa shekara. Sannan ya bayyana ma'aunin da yake raba darussa da shi kafin ya raba, ya manna jadawalin awoyin kowa inda kowa zai gani, har da nasa. Zargi a duhu yake girma.

Sashen jami'a ƙaramin gida ne, sau da yawa malamansa na dindindin ba su da yawa, kuma za su yi shekara ashirin ko talatin suna haɗuwa a baranda guda. Kujerar za ta zagayo. Wanda yau yake ƙin miƙa sakamako, wata rana shi zai zauna yana jiran na wasu, kuma ƙananan malaman da ke kallonsa yanzu a wurinsa suke koyon yadda ake tarbar sabon shugaba. Saboda haka duk malamin da aka yi wa sabon shugaba a bana, ya rubuta shafinsa guda ya kai ofishi, ya halarci taron farko, ya faɗi abin da ke ransa a can, sannan ya miƙa sakamakon ɗalibansa a ranar da aka sa.